Riga Nawa Fim Ɗin Ya Ci

A layin su Mai Guga ba a tambayar tauraro nawa aka ba fim. Abin da ake tambaya shi ne riga nawa ya ci. Baƙo in ya ji magidanta suna musu a bakin titi, wannan yana cewa riga uku, wancan yana rantsuwa biyu ce da rabi, sai ya ɗauka duk layin an zare. Alhali lafiyarsu ƙalau, allon Mai Guga suka karanto.

Shagon nasa ɗaki ɗaya ne, a matse tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Da ka shiga, dogon tebur ne zai tare ka, an shimfiɗa masa bargo biyu da farin zane wanda zafi ya dafar da tsakiyarsa. Ga robar fesa ruwa, ga igiyoyi biyu cike da kayan mutane, ga bencin 'yan kallo wanda bulo ke riƙe da ƙafarsa ɗaya. Dutsen gugar na lantarki ne, tsohon yayi, mai nauyin tsiya, ya girmi duk 'ya'yansa, kuma ba irin na yanzu ba ne mai kashe kansa in an manta da shi. Can sama a bango, daidai saitin idon mai shagon, aka kafe talabijin. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana tsaye a wurin nan, hannu a kan dutse, ido a kan bango.

Asalin allon kuwa ba wata dabara ba ce. Tun zamanin kaset, yana saurayi sabon buɗe shago, ya sa wani fim ɗin faɗa don ya ɗebe masa kewa. A ƙa'idarsa riga ɗaya minti huɗu take ci masa, ko da ido rufe. Fim ya ƙare, aka kashe bos, ya duba igiya ya ga riga uku kacal ya goge a awa ɗaya da rabi. Kashegari ya sa wani na soyayya, saurayi da budurwa suna ta kallon juna ba mai cewa uffan, kafin a kai ƙarshe ya gama riga ashirin da biyu har ya ɗora da wanduna. Ya tsaya yana kallon hannunsa, sai ya kwashe da dariya shi kaɗai. Ashe da alƙali yake yawo bai sani ba.

Ya samo allo da alli ya jingine a bakin ƙofa. Ba ya rubuta sunan fim, wai sunayen karya masa harshe suke yi; abin da ya faru a ciki yake rubutawa. "Na mutumin da ya bi jirgin ƙasa da babur: riga uku." "Na kifayen ƙarƙashin ƙanƙara: riga huɗu." "Na matar da ta yi kuka tun farko har ƙarshe: riga ashirin da zanen gado." Yana da dokokinsa kuma. Wando riga ɗaya ne, zanen gado riga biyu, hankici ba ya cikin lissafi. Fim ɗin faɗa ne, ko na iyali mai sa mutane sharar hawaye, ko fim ɗin gaskiya wanda ba wasa a ciki, irin na dabbobi da ma'aikatu da rayuwar mutane, duk mudu ɗaya yake auna su da shi. In aka ce ya faɗi ra'ayinsa da baki sai ya ƙi, ya ce bakinsa yana jin kunyar mutane, hannunsa ne ba ya ji.

Kallon Mai Guga yana kallo ma wani fim ne mai zaman kansa. In jarumi ya kai naushi, shi ma kafaɗarsa sai ta motsa. Yana ba bos shawara, yana tsine wa masu kawo ɗaukin da ba sa zuwa sai an gama komai, yana yi wa barewa tsawa cewa ga zaki nan a bayanki, sakarya, ki waiga mana. Amma abin da yake taƙama da shi ya fi wannan: bai taɓa ƙona ko bakin aljihu ba. Kafin idonsa ya tafi, hannunsa ya riga ya ɗaga dutsen ya tsayar da shi a kan gindinsa. Ranar da wani bene ya rufta a kan jarumi, duk 'yan benci suka miƙe tsaye har bulon ya goce, da aka waiga sai ga dutse a tsaye abinsa, rigar mutane ko ɗumi ba ta yi ba.

Babban abokin musunsa shi ne Hedimasta, tsohon shugaban makarantar firamare da ya yi ritaya amma bai daina saka farar riga da gyara wa mutane magana ba. Kowace Asabar yana kawo fararen riguna shida. Shi fim ɗin gaskiya yake so, yana ganin na faɗa ɓata lokaci ne, kuma shekara da shekaru yana bayanin cewa ma'aunin riga ba ilimi a ciki, tunda dogon fim dole ya fi gajere cin riga. Mai Guga ya ce to wa ya aike shi ya yi tsawo? Hedimasta yana da ɗan littafinsa da yake ba finafinai maki bisa goma, har da jan biro, amma ba a taɓa samun wanda ya tambaye shi ba. Shi kansa, kafin ya ɓata yammacinsa a kan wani fim, sai ya ɗan saci kallon allon ta ƙasan tabarau, ya yi kamar takalminsa yake dubawa.

Mutum ɗaya ce duk wannan hidima ba ta yi wa komai, ita ce matar mai shagon, wadda kowa ke kira Maman Auta. Shekararta ashirin da shida tana aikin goge-goge a asibiti. Tana fita tun kafin ya buɗe shago, ta dawo bayan la'asar, kuma ba ta wucewa gida sai ta biyo ta nan. Kujerarta tana kusurwa, ƙarƙashin rigunan da ke rataye. Ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya, ta ce a sa musu mai kyau yau. Kafin sunayen 'yan wasa su gama wucewa, kanta ya jingina da bango.

"Mutuniyar ta tafi," haka Mai Guga yake cewa, 'yan benci su yi dariya.

Ya sha faɗa a gaban mutane cewa shi Allah Ya haɗa shi da macen da ba ta taɓa ganin mutuwar bos ba. In ta farka ta ji, murmushi kawai take yi. Sai a hanyarsu ta komawa gida ya rama: ya ba ta labarin fim ɗin tun daga farko, da hannu da ƙafa, da ƙarar bindiga a baki, yana tsayawa a tsakiyar hanya don ya nuna mata yadda mota ta wuntsula. Ita kuwa daga "to" sai "ikon Allah". A ransa ya yanke cewa ko saurara ba ta yi. Aikinta kuma bai taɓa tambayar ta yadda yake ba, don a ganinsa shara ce da goge-goge, me za a tambaya a ciki?

Autarsu kuwa a ƙarƙashin teburin nan ta girma. A nan ta yi rarrafe cikin ƙullin kayan mutane, da rigunan igiya ta koyi ƙirga. Da ta gama karatu ta samu aiki a wani babban kantin magani, aiki mai tsafta, da fanka, da farar riga wadda uban yake goge mata da kansa har sai ta yi ƙyalli. Sai ga shi shekara biyu da suka wuce ta fara aron kyamara ranakun hutu. Kafin ka ce me, ta ajiye aikin ta bi wasu masu ɗaukar fim, tana riƙe musu fitila da igiyar waya. Ran Mai Guga ya ɓaci ba kaɗan ba. Ya ce kallo daban, yi daban. Mai cin burodi ba dole ne ya shiga tanderu ba. Wata uku gaisuwa kawai yake amsa mata. Kuma gaskiyar magana ba fushi ba ne, tsoro ne. Mutumin da ya kalli finafinai dubbai ya fi kowa sanin cewa a cikin goma, takwas riga ashirin suke ci, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ɗan wani ne ya yi shi da dukan zuciyarsa.

To, ranar wata Alhamis da hantsi, shago ba kowa, sai ga Auta ta shigo ta ajiye filashi a kan teburin guga. Ta yi bayani a tsaye, tana murza gefen mayafinta. Akwai makarantar koyon aikin fim da ke ɗaukar mutum kaɗan a shekara, kuma sai ka aika musu da fim ɗin da ka yi da hannunka. Ta yi nata, fim ɗin gaskiya, minti arba'in, a kan asibiti. A ɗaya ɓangaren kuma mai kantin magani ya aiko cewa gurbinta yana nan zuwa ƙarshen wata, in ba ta dawo ba zai ɗauki wata. Abokan aikinta duk sun ce fim ɗin ya yi kyau, amma ai abokai ne.

"Baba, so nake ka kalla kana guga," ta ce. "In ya wuce riga biyar, ranar Litinin zan koma kanti, in mayar wa mutane kyamararsu. In bai wuce ba, zan aika."

Ya ce mata ita ma dai da wauta take, ana ɗora rayuwar mutum a kan rigunan Hedimasta? Ta ce duk layin nan da su suke zaɓen abin da za su kalla, ita me ya sa ba za ta zaɓa da su ba? Har ta kai bakin ƙofa sai ta juyo.

"Kuma Baba, a ƙarƙashin teburin nan na girma, na san ƙarar dutsenka. In ka yi mini kara zan gane, kuma shi ne zai fi yi mini ciwo."

Nan ta bar shi da filashi da tashin hankali. Abin mamaki, ga dama ta samu: ya yi gugarsa kamar kullum, riga goma cif a minti arba'in, yarinya ta koma ƙarƙashin fanka, shi ke nan an huta. Ai abin da ya yi shekara biyu yana so ke nan. Amma da ya ɗauki filashin ya juya shi a tafin hannu, sai ya gane ba ya so ta faɗi. Wallahi ba ya so. Ranar Juma'a har gwaji ya yi shi kaɗai, ya sa wani fim mai sanyi ya dinga jan hannu da gangan, yana fesa ruwa sau biyu, yana gyara kwalar da ba ta karkace ba. Ƙarar dutsen ta fito wata iri, shi kansa ya ji ƙaryar a kunnensa. Ya yi tsaki ya bari.

Labari ba ya kwana a layin nan. Ranar Asabar bayan la'asar, mai aski ya rufe shago da wani mutum rabin kai a aske, ya ce masa ya taho su kalla tare a ƙarasa daga baya, mutumin kuwa ya biyo shi da ƙyallen a wuya. Mai gyaran waya ya kawo lasifika. Benci ya cika, wasu suka tsaya a bakin ƙofa, wasu suka leƙo ta taga. Hedimasta ya ajiye fararen rigunansa shida a gefen tebur, ya buɗe littafinsa, ya cire murfin jan biro. Maman Auta ta shigo da jakarta, ta gaisa da jama'a, ta zauna a kusurwarta. Auta ta jingina da bango kusa da igiya, inda za ta ga talabijin ta kuma ga hannun babanta. Mai Guga ya taɓa dutse da yatsa mai yawu, ya ji ya yi cas, ya ce a sa.

Fim ya buɗe da ƙofar asibiti. Mutane suna shiga, mutane suna fita. Sai dogon baranda. Sai wani barandan. Hoton dai tsaf, ba rawa, haske ya zauna, wannan kam ko maƙiyi ya yaba. Amma Mai Guga ya duba ƙasa ya ga riga ta farko ta riga ta hau igiya, bai ma san lokacin da ya rataye ta ba.

Sai aka nuno wani jami'i da laƙataye a bayan tebur, ya fara bayanin yawan gadaje da yawan ma'aikata da shekarar da aka gina ɓangaren yamma. Kai, mutumin nan ya iya magana. Riga ta biyu ta wuce a kansa, ta uku ma a kansa. Mutumin mai rabin aski ya yi hamma har da ƙara, mai aski ya zungure shi. Hedimasta, wanda a duniya ba abin da yake so irin bayanin gadaje, shi ma biron nasa ya tsaya cak. Mai Guga yana roƙon hannunsa a zuci, kai don Allah ka ji kunya yau ɗaya, 'yarka ce fa. Hannu ko a jikinsa: kwala, kafaɗa, hannun dama, hannun hagu, baya, gaba, igiya. Riga ta huɗu ta tafi a kan ɗakin ajiyar magani. Ta biyar ta tafi a kan ruwan ƙarin jini yana ɗiga ɗaya-ɗaya.

Minti ashirin, riga biyar. Bai iya kallon Auta ba, amma ta gefen ido ya ga leɓenta yana motsi, tana ƙirga abin da kowa ya riga ya ƙirga. Ya jawo riga ta shida ya shimfiɗa, ya fesa ruwa, yana jin kamar shi ne zai yanka ta da hannunsa. In wannan rigar ta hau igiya, magana ta ƙare. Ya goge kwala. Ya goge kafaɗa. Ya juya ta ya ɗora dutse a tsakiyar baya.

A daidai nan kyamarar ta sauko ƙasa, ta bi wani bokiti da ake ɗauke da shi a kan matakala. Ba a nuna fuska ba, sai takalmin roba da hannun shuɗiyar rigar ma'aikata. A kan hannun rigar akwai karin guga, miƙaƙƙe tun daga kafaɗa, da 'yar lanƙwasa a kusa da maɓalli wadda mutum ɗaya ne a garin yake yin irinta. Mai Guga ya san karinsa ko a cikin dubu. Shi yake goge rigar nan duk ranar Lahadi.

Kyamarar ta ɗago, sai ga Maman Auta ta cika talabijin.

Ashe hawa na uku take aiki, kuma famfon can sama ba ya kawo ruwa da ƙarfi, sai ta sauko ta ɗebo. A gefen hoton Auta ta sa lamba tana ƙirga sawu: ɗaya, biyu, har goma sha ɗaya kafin azahar. Aka nuno ta a durƙushe tana goge ƙarƙashin gadaje, gado arba'in da biyu, tana shiga har kafaɗa. Aka nuno ta ta dafa bango ta miƙe a hankali, ta tsaya sai da bayanta ya saki, sannan ta sunkuya ta ɗauki bokiti. Ba kiɗa, ba bayani, sai ƙarar ruwa da numfashinta.

Sai ga wani tsoho a gadon ƙarshe, ba mai jinya a gefensa, ya juya wa kofin shayinsa baya. Ta jingine sandar gogewa, ta wanke hannu, ta jawo kujera. Ta ce masa in ya sha cokali biyar za ta ba shi labarin mutumin da ya bi jirgin ƙasa da babur. Tsoho ya buɗe baki. Ita kuwa ta fara, da hannu da ƙafa, da ƙarar bindiga a baki, har ta miƙe tsaye a tsakanin gadaje don ta nuna yadda mota ta wuntsula, sak yadda wani yake yi a tsakiyar hanya. Ba ta tsallake ko wuri ɗaya ba, har zagin masu kawo ɗauki sai da ta yi. Majinyatan da ke kusa suka ɗaɗɗago. Daga can wani mai ƙafa a rataye ya ɗaga murya ya ce, Mama, wannan riga nawa ya ci? Ta ce uku, maigidana ya ce uku, kuma shi hannunsa ba ya ƙarya.

Tsohon ya tambaye ta ko ita ta ga ƙarshen da idonta.

"Ni ban taɓa ganin ƙarshen fim ba, baba, barci nake yi," ta ce tana goge masa haɓa. "A hanya yake ba ni labari. Ina jin ma a bakinsa ya fi daɗi."

Sai aka ji muryar Auta daga bayan kyamara tana tambayar ta, to Mama, tunda barci kike yi, me ya sa ba kya wucewa gida ki kwanta a gado? Matar ta yi 'yar dariya, ta ɗauki sandarta.

"A gida shiru ya yi yawa. Can kuwa in na ji ƙarar dutsen babanki, na san yana nan tsaye lafiya, sai jikina ya saki."

Wanda ya fara jin ƙauri shi ne Hedimasta, kuma dole, tunda rigarsa ce. Ya sauke tabarau ya ga hayaƙi siriri yana tashi daga ƙarƙashin dutse, ga hannun Mai Guga a kan mariƙin, a danne, ga idonsa a bango yana zubar da ruwa bai ko ƙifta ba. Hedimasta ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi talabijin, ya mayar da bakinsa ya rufe. Ya tashi a hankali, ya zare wayar daga soket, ya kama wuyan hannun abokinsa ya ɗaga shi tare da dutsen ya tsayar. Mai Guga bai ma san an yi ba. Haka ya tsaya har sauran fim ɗin ya ƙare, aka nuno ta tana saukowa daga matakala da jakarta, hoton ya ɗauke.

Sai a lokacin ya duba teburinsa. A tsakiyar bayan farar riga ga hoton dutse ya fito raɗau, ruwan ƙasa mai duhu, har da 'yan ramukan ƙasansa, tsakiyar ma ta huje ta kama zanen tebur. Ya daɗe yana kallo. Shekara talatin da ɗaya, yau ga ta.

Aka shiga raɗe-raɗin lissafi. Mai gyaran waya ya ce biyar ce a igiya, amma ta shida fa an fara ta, har an yi kwala da kafaɗa. Duk ido ya koma kan Hedimasta, karo na farko a tarihin layin da aka nemi hukuncinsa a kan fim. Ya gyara zama, ya ɗaga rigar ya leƙa jama'a ta cikin hujin, ya ce a iya saninsa rigar da aka goge ita ce wadda za a iya sakawa, wannan kuwa ko mahaukaci ba zai saka ta ba, saboda haka riga biyar ce. Ya ƙara da cewa ba zai karɓe ta ba, a rataye ta a bango kusa da talabijin. Littafinsa kuma ya rufe shi bai rubuta komai ba.

Mai Guga ya share fuska da gefen hannu, ya dubi 'yarsa, wadda take dariya da kuka a haɗe.

"Ki aika," ya ce. "Amma mai laƙatayen nan, ki cire shi. Riga biyu ya cinye miki shi kaɗai. Barandar ma ɗaya ta isa. Ki fara da bokitin."

Ta ce to, Baba. Ya ɗauki alli ya fita bakin ƙofa, ya goge saman allon da tafin hannu, ya rubuta da manyan baƙaƙe: "Na matar da ke hawa bene da bokiti: riga biyar, ɗaya ta ƙone." Rubutun ya ɗan karkace, bai gyara ba.

Jama'a suka ɗauka da hayaniya, mai aski ya ɗaga hannu zai fara tafi, mai rabin kai yana tambayar ina tauraruwar take a gaishe ta. Mai Guga ya juya kusurwa, bakinsa cike da maganar da bai san ta inda zai fara ba. Tana nan a kujerarta ƙarƙashin riguna, jaka a cinya, kai a jingine da bango. Tun wajen barandar farko ta tafi.

Wannan karon bai ce mutuniyar ta tafi ba, kuma ba wanda ya yi dariya. Ya ɗaga hannu ya yi wa mutane alama su fita a hankali, suka fice ɗaya bayan ɗaya, mai aski yana jan mutuminsa. Shagon ya yi shiru, sai ya ga ta ɗan motsa, girarta ta tattare kamar za ta farka. Da sauri ya mayar da waya cikin soket, ya ninka zanen tebur ta wajen da bai ƙone ba, ya jawo shuɗiyar rigar aikinta daga ƙullin gobe ya shimfiɗa. Ya ci gaba da guga, yana ajiye dutsen da ƙararsa ta kullum, har numfashinta ya koma daidai.